Zare: Wa ke riƙe da sikelin yuraniyom ɗin Arlit?

1/
Ranar 19 ga Yunin 2025 gwamnatin sojan Nijar ta sanar da cewa ta mayar da SOMAIR, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, mallakin ƙasa. Muka yi ta tafi a dandalin nan. To amma ranar da Bature ya tattara komatsansa, wa ya iya aikin? Wa ya koya masa, kuma yaushe? Ku gyara zama jama'a, zaren da ɗan tsayi. 🧵

2/
Ga maganata a dunƙule. Ma'adini yana zama naka ne ranar da kake da mutanen da za su gano shi, su auna shi, su fito da shi, su sayar, su kuma faɗa maka gaskiya idan yana cutar da jama'a. Takardar mallaka ana sa mata hannu a wuni ɗaya. Waɗannan mutanen kuwa shekaru ake yi ana renonsu.

3/
Kada wani ya ce ina ruwan ɗan Malam Madori da Arlit. Daga nan in ka nufi Maigatari ka tsallaka iyaka, ka shiga jihar Damagaram. A Arlit ma da Hausa ake ciniki a kasuwa, tare da harshen Abzinawa, domin ma'aikata da yawa daga kudancin Nijar suka hau arewa neman aiki. Labarin 'yan uwanmu ne.

4/
Mu fara daga 1957. Masu binciken ma'adinai na Faransa suna neman tagulla a Azelik, yamma da Agadas, sai suka ci karo da alamun yuraniyom. Masana tarihi da dama na ganin Azelik ɗin nan ita ce tsohuwar Takedda, garin tagulla da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. Wato haƙa da narka ƙarfe ba baƙon abu ba ne a yankin.

5/
Da aka ji yuraniyom, sai hukumar nukiliyar Faransa, CEA, ta karɓi binciken. Ita fa tun 1945 aka kafa ta. Tana da mutanen da suka goge a mahaƙun Faransa da Madagaska da Gabon, tana kuma da makarantarta ta horar da masu neman ma'adinin a yankin Limousin. Sun san juna, sun yi aji ɗaya, suna tura wa juna rahoto.

6/
Nijar kuma fa? Ta samu 'yanci ranar 3 ga Agustan 1960 ba ta da jami'a ko ɗaya. A Afrilun 1961 ta shiga yarjejeniyar tsaro da Faransa, tare da Kwaddibuwa da Dahomey, wadda ta bai wa Faransa fifiko a kan wasu ma'adinai masu muhimmancin soja, har da yuraniyom. Ɓangare ɗaya na da taswira da ma'aunai, ɗayan na da ƙasa kawai.

7/
A 1968 aka kafa SOMAIR, a 1971 aka fara fitar da kaya daga Arlit. A wannan 1971 ɗin ne aka buɗe cibiyar karatun gaba da sakandare a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Ku lura da kyau: gangar farko ta yuraniyom ta bar Nijar tun ƙasar ba ta yaye ɗalibin jami'a ko guda a gida ba.

8/
Bari in ɗan yi bayanin aikin, don a gane me ya sa ilimi ne jarinsa. A dutsen yankin Arlit, tan ɗaya bai fi ya ba da kilo 2 zuwa 4 na yuraniyom ba. Ana fasa dutsen, a niƙa, a jiƙa shi da asid ɗin farar wuta, a tace ruwan da sinadarai, a busar. Abin da ke fitowa wani gari ne rawaya, shi ake ɗurawa a ganga.

9/
Kowane mataki da gwaninsa. Masanin duwatsu ne zai ce ga inda kayan yake. Injiniyan haƙa ya tsara rami da nakiya. Masanin sinadarai ya riƙe masana'anta. Mai ɗakin gwaji ya faɗi yawan abin da ke cikin ganga. Akanta ya ce ga kuɗin da aka kashe. Duk wanda ke zaune a kujerun nan, lissafinsa ne zai zama gaskiyar da kowa zai bi.

10/
Mu nan ai mun san wannan tun zamanin gyaɗa. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930, shi ya raya tashar Malam Madori. Manomi ya yi noma, ya kawo kayansa, amma sikeli da tantance daraja suna hannun wakilan kamfani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Arlit ma batun sikelin ne, sai dai wannan karon na'ura ce.

11/
Garin kansa ya nuna matakan. Kamfani ya gina gidaje daidai da muƙami: na manyan jami'ai, waɗanda a farko galibinsu Turawa ne, na masu kula da aiki, sai na leburori. Har ana yi wa Arlit laƙabi da ƙaramar Paris. Waɗanda ba su samu shiga ba suka kafa unguwanni a gefe, ana ce musu Bukkoki. Sunan ma ya isa bayani.

12/
Bayan tashin farashin man fetur na 1973, Shugaba Diori Hamani ya nemi a ƙara kuɗin yuraniyom, tare da Omar Bongo na Gabon. An zauna da wakilan Faransa a Yamai a Maris ɗin 1974. Shugaba Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu, sai ranar 15 ga Afrilu Seyni Kountche ya kifar da Diori, ana tsakiyar fari da yunwa.

13/
Ana ta muhawara kan alaƙar juyin mulkin da yuraniyom, ba ita ce a gabana ba. Abin da ya dame ni shi ne teburin cinikin. Ka zo neman ƙarin farashi, amma wanda kake ciniki da shi shi ya auna arzikin, shi ya lissafa kuɗin haƙa, shi ne kuma mai saye. Da wace hujja za ka ce ƙarya yake yi?

14/
Zamanin Kountche aka fara cike giɓin. A 1976 aka kafa ONAREM, hukumar da ke riƙe hannun jarin gwamnati a mahaƙu. A tsakiyar shekarun 1970 ɗin aka buɗe makarantar ma'adinai ta Abzin, EMAIR, a Agadas. Aka kafa SONICHAR a 1975 don haƙar kwal a Anou Araren da bai wa mahaƙun wuta. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit.

15/
Lokacin ne kuma mahaƙa ta biyu ta zo. An kafa COMINAK a 1974, ta fara fitar da kaya a 1978 a Akouta. Ita ƙarƙashin ƙasa take, zurfin kusan mita 250, da hanyoyin cikin rami sama da kilomita 200. Masu hannun jari: Faransa, Nijar, kamfanin OURD na Japan da ENUSA na Sifaniya. Garin Akokan saboda ita aka gina shi.

16/
Kar ku raina EMAIR don ba manyan injiniyoyi take yayewa ba. Matsakaitan ƙwararru ta horar: masu awon ƙasa, masu kula da rami, masu gyaran manyan injuna da lantarki. Injiniya ɗaya ba zai tsinana komai ba sai da gomman irinsu. Su ne ke sanin ƙarar injin da ya kusa lalacewa da rufin ramin da ya fara motsi.

17/
Manyan injiniyoyi kuwa waje ake tura su, musamman Faransa. Sanannen misali shi ne Mahamadou Issoufou, Bahaushe ɗan Dandaji a jihar Tawa. Ya karanta lissafi, sannan ya zama injiniyan haƙa a makarantar ma'adinai ta Saint-Etienne. Daga 1980 zuwa 1985 shi ne daraktan ma'adinai na ƙasa, daga nan ya koma SOMAIR ya riƙe manyan muƙamai.

18/
A 1990 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PNDS Tarayya. Ya yi firaminista a 1993, ya zama shugaban ƙasa daga 2011 zuwa 2021. Kun ga inda sanayyar sana'a ke kai mutum: daga ofishin ma'adinai, zuwa kamfani, zuwa fadar shugaban ƙasa. Mahaƙa ba yuraniyom kawai ta fitar ba, ta fitar da wani rukunin masu mulki.

19/
Sai dai wuƙar baki biyu gare ta. Magoya bayansa na cewa Nijar ta samu shugaban da ba za a ruɗe shi da alƙaluma ba. Masu suka na cewa wanda ya yi karatu a makarantarsu, ya ci albashinsu, abokansa na can, da wuya ya murɗe musu hannu. Tambayar ta wuce mutum ɗaya: wa ya horar da ƙwararrenka, kuma ga wa yake komawa neman shawara?

20/
Daga nan kasuwa ta juya baya. Haɗarin tashar nukiliyar Three Mile Island a Amurka a 1979, da na Chernobyl a 1986, sun kashe gwiwar masu gina tashoshi. Farashin da ya haura dala 40 kan kowace laba a ƙarshen shekarun 1970 ya faɗo ƙasa da dala 10. Nijar da ta fitar da sama da tan 4,000 a 1981 ta shiga bashi da tsuke bakin aljihu.

21/
A cikin wannan hali aka haifi EMIG, babbar makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu ta Yamai. Ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen yankin masu magana da Faransanci, CEAO, ta yanke shawarar kafa ta a 1982, amma sai 1990 ta buɗe. A 1994 ƙungiyar kanta ta rushe, nauyin makarantar ya dawo kan Nijar. An yaye injiniyoyi lokacin da mahaƙu ke rage ma'aikata.

22/
Nan darasin yake. Farashi na iya tashi ko faɗuwa cikin wata shida. Injiniya kuwa sai ya yi kamar shekara 5 a aji, sannan wasu shekarun a rami kafin a damƙa masa sashe. In ka jira sai kasuwa ta yi kyau ka buɗe makaranta, kafin yaranka su fito an tashi daga kasuwar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

23/
A 2007 farashi ya sake tashi, har ya kai wajen dala 136 a Yuni. Shugaba Tandja Mamadou ya matsa wa Areva, wato sabon sunan kamfanin Faransa tun 2001, ya kuma buɗe wa wasu ƙofa. Aka kafa SOPAMIN a madadin ONAREM. 'Yan Chaina suka shiga Azelik. A 2009 aka bai wa Areva izinin Imouraren. Sai Fukushima ta zo a Maris ɗin 2011, komai ya sake sanyi.

24/
Yanzu ga ranar da ta fi ɗaukar hankalina. A yarjejeniyar Mayun 2014 ne Areva ta amince 'yan Nijar su zama manyan daraktocin SOMAIR da COMINAK, ɗaya a 2014, ɗaya a 2016. Ku ƙirga: daga 1968 zuwa 2014 shekara 46 ke nan. Wanda aka haifa ranar da aka kafa kamfanin ya fara furfura kafin ɗan ƙasa ya hau kujerar.

25/
Wannan yarjejeniyar ba a banza ta zo ba. Ƙungiyoyin farar hula kamar ROTAB, tare da Oxfam, sun zauna sun bi alƙaluman haraji, suka matsa a yi aiki da dokar ma'adinai ta 2006, wadda ke iya ɗaga kuɗin da ake biyan gwamnati daga kashi 5.5 zuwa 12 cikin 100. Wato akanta da lauya ma suna cikin ƙwararrun haƙa.

26/
Akwai kuma haɗin kan da ya taso daga ƙasa. Ma'aikata na da ƙungiyoyin ƙwadago irin su SYNTRAMIN. Sannan a farkon shekarun 2000 wani ma'aikacin mahaƙa, Almoustapha Alhacen, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man a Arlit, bayan ya ga abokan aiki na mutuwa da cututtukan da ba a yi musu gamsasshen bayani ba. A lokacin, asibitocin garin na kamfanonin ne.

27/
Matsalar yuraniyom ita ce tururin da yake fitarwa ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Sai da na'ura. Aghirin'man ta nemi taimakon CRIIRAD, wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Faransa. Da suka iso a Disambar 2003 aka riƙe musu kayan awo a filin jirgin Yamai. Kun gani ko? Har a kan lafiya, faɗan na sikeli ne.

28/
Binciken CRIIRAD, da na Greenpeace da aka fitar a 2010, sun nuna gurɓatattun ƙarafan mahaƙa a kasuwa, da ruwan sha da ya haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a wasu wurare. Kamfanin ya musanta da yawa daga ciki, ya kawo nasa alƙaluman. Mutumin Akokan kuma yana tsakiya, yana jiran Turawa biyu su gama gardama a kan rijiyarsa.

29/
Ranar 31 ga Maris ɗin 2021 aka rufe COMINAK, bayan ta fitar da kusan tan 75,000. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Ta bar tarin dusar dutse mai guba kusan tan miliyan 20. Rufe wannan da sa masa ido aikin gomman shekaru ne, kuma shi ma sai da masana. Haƙa ta ƙare, buƙatar ilimi ba ta ƙare ba.

30/
Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya zama jarrabawa ta gaske. A lokacin kusan dukkan ma'aikatan SOMAIR 'yan Nijar ne. Rami da masana'anta ba su gagare su ba, wannan kuwa nasarar EMAIR da EMIG ce da shekaru 50 na gogewa. Inda aka cije shi ne wajen katanga: sinadaran da ake shigo da su, hanyar fita, da mai saye.

31/
Dama gangunan a mota suke tafiya kusan kilomita 1,600 zuwa Parakou a Benin, jirgin ƙasa ya kai su Kwatano, jirgin ruwa ya kai su Faransa, a sarrafa a Malvesi. Da aka rufe iyakar Benin sai kaya ya taru a Arlit. Masana'antun da ke sarrafa garin nan don kasuwa 'yan kaɗan ne: Faransa, Kanada, Amurka, Rasha, Chaina. Kowace ganga kuma ana bin sawunta.

32/
Don haka matakin ƙarshe na tsanin bai cikin rami. Yana wajen masu iya rubuta kwangilar shekara goma da tashar lantarki, masu sanin dokokin hukumar nukiliya ta duniya, da lauyoyin da za su tsaya a kotun sasanci, inda Orano, sunan kamfanin tun 2018, ta kai ƙara. Wannan sanayyar ita ce aka fi daɗewa ba a sakar wa 'yan ƙasa ba.

33/
Mu dawo gida, kada mu yi wa maƙwabci dariya. Kakanninmu sun yi leburancin kuza a Jos, har da aikin tilas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun shekarun 1950 akwai makarantar ma'adinai a Jos. An kafa ƙungiyar masana haƙa da duwatsu, wadda yau ake kira NMGS, a 1961, da majalisar rajistarsu COMEG a 1990. Tubalin yana nan.

34/
A 1979 Najeriya ta kafa nata kamfanin yuraniyom, NUMCO, tare da Total ta Faransa. An yi bincike a arewa maso gabas, wajen Mika da Ghumchi. Da abokin hulɗar ya janye a ƙarshen shekarun 1980, aikin ya mutu. Hukumar makamashin nukiliya ma an yi dokarta a 1976, amma sai 2006 ta fara aiki sosai. Shekara 30 tana kan takarda.

35/
Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne CERT a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda aka kunna ƙaramin tukunyar nukiliyar bincike mai ƙarfin kilowat 30 a 2004. Ba wuta take bayarwa ba, gwajin samfurin dutse da ƙasa da horar da ɗalibai take yi. Ma'ana muna da sikeli namu a Samaru. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka san da ita?

36/
In kana ganin maganar awo wasa ce, tuna Zamfara a 2010. Ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, babu wanda ya gwada ya ga akwai dalma a ciki. Yara sama da 400 suka rasu kafin a shawo kan lamarin. Ba yuraniyom ba ne, amma ciwon ɗaya ne: haƙa ta riga masana isa wurin. Allah Ya jiƙansu.

37/
To 'yan uwa ɗalibai na Dutse, Kafin Hausa, Haɗejia da Kazaure, ga abin da ke hannunmu. Masu karanta kimiyyar duwatsu, sinadarai, fiziks da injiniyanci, ku nemi yin SIWES inda ake taɓa na'ura da gaske. Ku shiga ƙungiyar sana'arku tun kuna aji biyu. Ku koyi Faransanci, domin rahotannin Arlit da ɗaliban EMIG duk da shi suke magana.

38/
Ga gwamnatocinmu kuma, tallafin karatu na ma'adinai a fara shi tun ba a ga kamfani ba, a haɗa da matsakaitan ƙwararru, da masu awon lafiya waɗanda ba kamfani ke biyansu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan akwai ɗan EMIG ko tsohon ma'aikacin Arlit a nan, don Allah ya faɗa mana yadda aka koya masa aikin, mu ƙaru.